Gonar Saurayi Jiya da Yau

  Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci da ke karanta wannan takarda da kansu. Ku karanta a hankali. In wata kalma ta yi muku wuya, ku tambayi malaminku.

Hirarmu ta yau tarihi ce. Za mu bi tarihin gonar saurayi: yadda yake samunta, da yadda yake riƙe ta.

Ga abin da ya kawo hirar. A ajin da nake koyarwa da dare akwai wani saurayi ɗan shekara 22. Bana ubansa ya yanka masa gona. Muka je muka auna ta tare: mita 70 tsawo, mita 70 faɗi. Kusan rabin ekta ke nan, don ekta ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Sai ya ce mini: "Malam, kakana sai ya yi gayya yake gama noman gonarsa. Ni ga abin da na samu. In tsaya in noma ta, ko in sayar in tafi bida?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Na ce masa mu fara sanin yadda aka yi gona ta koma ƙarama haka, da abin da manoman ƙasarmu suka yi da suka ga ta ragu. Na san samari da yawa na da wannan tambaya. To, ku biyo ni.

1. Zamanin gandu da gamana

A zamanin kakanninmu ƙasa tana da yawa, mutane kaɗan ne. A ƙarni na 19 yaƙe-yaƙe sun sa jama'a sun taru kusa da manyan garuruwa, kamar Maraɗi da Tsibiri da Tasawa. Da yaƙi ya lafa a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka bazu cikin jigawa. Suka gina rijiyoyi, suka kafa sabbin garuruwa. Shi ya sa kuke jin gari da sunan Gidan Wane ko Garin Wane. Yawanci sunan wanda ya fara saran dajin ne.

A lokacin, mutum ya gaya wa mai gari, ya ɗauki gatari ya sari daji, wurin ya zama gonarsa. In gona ta gaji, a bar ta ta huta shekaru, a koma wani wuri. Kafin a dawo, daji ya mayar mata da ƙarfinta.

Gonakin gida iri biyu ne. Akwai gandu, babbar gona da ke hannun mai gida. Daga gandu ake cin tuwo, daga nan ake biyan lanho, daga nan ake yi wa yaro auren fari. Akwai kuma gamana, wadda wasu ke kira gayauna. Ƙaramar gona ce da mai gida ke ba matarsa ko ɗansa saurayi. A garuruwa da yawa na ƙasar Maraɗi, kwana 4 ake yi a gandu cikin mako, sauran kwanakin kowa ya tafi gamanarsa. Abin da saurayi ya girba a gamana nasa ne. Ya sayi riga, ya sayi akuya.

A gamana saurayi ke koyon noma. A nan yake sanin bambancin jigawa da geza da fadama. A nan yake sanin ruwan da ya isa shibka da wanda bai isa ba. In ya yi kuskure, rumbun gida na nan, ba zai kwana da yunwa ba. In ya yi aure ya samu iyali, sai ya sari nasa daji. Manomin da Allah ya ba dame 1000 yakan yi bikin dubu, ya raba wa jama'a hatsi, a kira shi sarkin noma.

Wancan zamani ma yana da nasa wahala. An yi yunwar kakalaba a 1913 da 1914. An yi yunwar fara a 1931. Amma fili bai yi wa saurayi ƙaranci ba. Ƙarfin hannunsa shi ne iyakar gonarsa.

2. Zamanin gujiya

Da Nasara suka zo, suka ce a biya lanho da kuɗi. Dole manomi ya noma abin sayarwa. A 1912 jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya daga Kano zuwa Ikko. Ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya iso Nguru a 1930, kusa da iyakarmu. Kantunan Turawa suka buɗe a Maraɗi da Damagaram suna sayen gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa.

Bayan mun samu mulkin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gujiya. A shekarar kuma aka kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma da ba da bashi. A shekarun 1960, fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga kayan da take sayarwa waje daga gujiya yake fitowa.

Me wannan ya yi wa saurayi? Ya shibka gujiya a gamanarsa, ya samu kuɗin kansa. Ya sayi keke da radiyo, ya tara sadaki. Da yawa suka ga ba sai sun jira mai gida ba, suka fita gandu tun da wuri. Gandu ya fara rabuwa. Kowa na son ƙarin fili, aka rage hutun gona. Ruwa ya yi kyau a shekarun 1950 da farkon 1960, manoma suka yi arewa cikin ƙasar kiwo. Gwamnati ta yi doka a 1961 ta sa iyakar noma ta arewa, amma an ƙetare ta.

A lokacin malaman gona na koya wa manomi ya tumɓuke kututture, ya share gonarsa tas, don garmar shanu ta wuce ba tangarɗa. Gona mai tsabta ita ake yabo. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

3. Fari, da ƙarewar daji

Daga 1968 ruwa ya fara raguwa. A 1973 aka yi babban fari, hatsi ya ƙone, dabbobi suka mutu. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Seyni Kunce. A 1975 darɓa ta kawo wa gujiya cuta, gonaki suka lalace. Daga nan gujiya ba ta koma matsayinta ba, wake ya ɗauki wurinta a gonaki da yawa. A 1984 fari ya sake dawowa. A shekarar Nijeriya ta rufe iyakarta, shi ya sa mutane da yawa ke kiran wannan yunwa El Buhari.

Jama'a kuwa sai ƙaruwa take yi. Ƙidayar 1977 ta samu mutum fiye da miliyan 5 a Nijar. Ta 1988 ta samu fiye da miliyan 7. Ta 2001 ta samu miliyan 11. Ta 2012 ta samu miliyan 17. A kudancin Maraɗi, da Magarya, da Matamai, dajin sara ya ƙare.

Mu yi lissafi tare. A ce kaka na da ekta 12, ya bar ƴaƴa 4, aka raba daidai. Kowa ya samu ekta 3. A ce ɗaya daga cikinsu ya raba wa ƴaƴa 6. Kowa ya samu rabin ekta. Kun ga yadda gonar ɗalibina ta zama.

A watan Disamba na 1974 shugaba Kunce ya yi jawabi cewa gona ta mai nomanta ce. Niyyar ita ce a taimaki talaka. Amma sai masu gonaki suka ji tsoron ba da aro, kada mai aro ya ce tasa ce. Suka ji tsoron barin gona ta huta, kada wani ya shiga. Saurayin da ba shi da gado ya rasa mai ara masa. Jingina da sayarwa suka yawaita. Wanda yunwa ta kama ya sayar, mai kuɗi ya saya, mai gona ya koma ɗan barema a gonar wani. In fili ya matse a gida, gamanar mata da ta samari ake fara karɓewa.

Matsin ya taɓa makiyaya. Aka nome burtali da makiyaya, rigima ta tashi tsakanin manoma da Fulani. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, an kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara na makiyaya. Allah ya jiƙan su, Allah ya kiyaye gaba.

Gonar da aka share tas kuwa ta zama tsirara. Iskar farkon damana ta binne shibka da rairayi, manomi ya sake shibka sau 2 ko 3. Itacen wuta ya yi nisa, mata suka koma ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona.

4. Dabarun da aka samu

Tun da gona ba za ta ƙara faɗi ba, manoma suka nemi yadda za ta ƙara albarka. Ga dabaru 5, kowace da tarihinta.

Ta farko, itace. Dokar daji ta Nasara ta 1935, da wadda aka yi a 1974, sun sa manyan itatuwa a hannun hukuma. Manomi na iya cin tara a kan itacen gonarsa. Don haka bai ga amfanin rainon itace ba. Bayan fari an dasa itatuwa da yawa. Wasu sun kama, kamar layukan dogon yaro na kare iska da aka fara dasawa a Majiya a 1975. Amma a wurare da yawa dashen ya mutu. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada.

A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura da wani abu. Sabara da kalgo da geza da taramniya da ake sassabewa kowace shekara, saiwarsu na da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi reshe 1 zuwa 5 masu ƙarfi a kututture, aka sare sauran, sai su tashi su zama itace. Wannan shi ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984 aka ba da cimaka ga masu yin haka. Da cimaka ta ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka ga iska ta rage ɓarna, ga itacen wuta, ga ganyen dabbobi. Maƙwabta suka gani, suka ɗauka. A Ɗan Saga, ƙasar Agye, mutanen gari suka kafa komitin tsaron itace da kansu.

A ƙasar Damagaram gawo aka raina. Wannan tsohon sani ne, don sarakunan Damagaram, kamar Sarki Tanimun, sun hana saran gawo da hukunci mai tsanani. Gawo na zubar da ganye da damana, ba ya tare wa hatsi rana. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin dabbobi. A 2009 masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raina itace wajen miliyan 200 a fili wajen ekta miliyan 5. A 2020 gwamnati ta fito da doka ta musamman da ta tabbatar da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Ta biyu, tassa. A 1989 wasu manoman ƙasar Illela suka je Yatenga cikin Burkina Faso. Suka ga ana gina ramuka a faƙo da rani, faɗin rami wajen santimita 20 zuwa 30. Ana tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu 1 ko 2. In ruwa ya zo, ya tsaya a rami, gara ta huda ƙasa, a shibka a ciki. Da suka dawo suka gwada, aka ga hatsi a inda ciyawa ma ba ta fitowa. A wajen Badagishiri har aka fara sayen faƙo don a gyara shi. Aikin na da wuya, amma gatari da magirbi da ƙarfin saurayi kawai yake so.

Ta uku, takin zamani kaɗan a gurbi. Buhun taki ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, balle bayan an karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994. Masu bincike na ICRISAT a Sadore da na INRAN suka gwada zuba kaɗan a gurbin shibka maimakon watsawa. Giram 6 na takin 15-15-15, wato cikin marfin kwalbar lemu, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu 3 suka ɗauka. In tsakanin gurbi da gurbi mita 1 ne, rabin ekta na da gurbi 5000. Kilo 30 na 15-15-15 ko kilo 10 na DAP sun isa. A sa shi in ƙasa ta jiƙe, kuma ya fi aiki in an haɗa da takin gida. INRAN, wadda aka kafa a 1975, ta kuma yaɗa irin hatsi mai saurin nuna, kamar HKP mai nuna cikin wajen wata 3.

Ta huɗu, noman rani. Masu fadama sun daɗe suna yin sa. Amma bayan farin 1984 gwamnati ta kira ƙasa duka zuwa gare shi, aka gina rijiyoyi, aka raba iri. Albasar Galmi ta kai Gana da Kuddibuwa. Mai lambu ya koyi cewa lokacin cira albasa na arha, wanda ya ajiye ta a rudu ya jira shi ke cin riba.

Ta biyar, ajiya. Da kaka manomi ya sayar da arha don buƙata, da bazara ya saya da tsada. Daga 1999 wani aikin FAO ya yaɗa tsarin warantaj. Ƙungiya ta ajiye amfanin gona a mangaza mai kwaɗo 2, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun bashi. A ba manomi bashi, ya yi sana'ar rani. In ya biya, ya ɗauki kayansa lokacin da suka yi daraja. Daga 2007 kuma jami'ar Purdue ta Amurka tare da INRAN suka yaɗa buhun PICS mai ninki 3. In an ɗaure shi da kyau, ƙwaron wake na mutuwa don rashin iska, ba sai an sa magani ba.

5. Takardar gona

Duk wannan aiki na iya zama banza in wata rana aka ce gonar ba taka ba ce. Ran 2 ga Maris 1993 aka fito da dokar karkara. Ta ce mallakar gargajiya na da ƙarfi gaban shari'a kamar mallakar takarda. Ta kawo komitin gonaki da ake kira Kofo. An fara da Mirya da Maine Sorowa a 1994, daga baya aka kafa shi a komin da ƙauyuka, mai gari na shugabantar na ƙauye. Kofo na ba da takardar shaidar gado, da saye, da kyauta, da aro, da haya, da jingina. Yana kuma sa alamar burtali.

Ku da kuka iya karatu yanzu, kada ku dangwala hannu a takardar da ba ku san abin da ke ciki ba. Ku duba suna, da iyakoki, da shekarun aro, da shaidu. In da faransanci aka rubuta, ku nemi wanda kuka yarda da shi ya fassara muku. Takarda na kare mai gona, tana kare mai aro. In mai gona ya san ba za a ci gonarsa ba, zai fi sakin hannu ya ara wa saurayi.

6. Amsar da na ba ɗalibina

Na gaya masa gaskiya. Ekta ɗaya ta hatsi a ƙasarmu takan ba da wajen kilo 400 zuwa 500. Rabin ekta ke nan kilo 200 zuwa 250, wato tiya 80 zuwa 100. Mutum ɗaya na cin wajen haka a shekara. Hatsi kaɗai a wannan gona ba zai riƙe shi da mata da yara ba.

Amma na ce kada ya sayar. Tarihin da muka bi ya nuna cewa wanda ya sayar da gona da wuya ya iya sayen wata. Na ce ya bi aikin daki-daki. Ya fara zuwa Kofo tare da ubansa tun yana da rai, gaban ƴan'uwansa. Da sassabe ya zaɓi kututturen da zai raina. Da rani ya kwashe takin gida a jaki ko amalanke, ya yi shiri da makiyayi ya kwana da garkensa a gonar. Ya haɗa hatsi da wake. Ya ɗaure harawa ya ɗora bisa, ya turke rago ɗaya, ragon ya ba shi taki da kuɗi. Kada ya sayar da wake da kaka. Ya shiga ƙungiyar manoma. In akwai fadama kusa, ya nemi haya da takarda. Ya sayi ƙaramin littafi ya rubuta ranar shibka, da kuɗin da ya kashe, da damen da ya girba.

Zuwa bida ba abin kunya ba ne. In zai tafi, ya tafi bayan girbi, ya dawo kafin ruwan shibka, ya sa wani abu daga abin da ya samo cikin gonar. Itace ba ya girma a shekara ɗaya, sannu ba ta hana zuwa. Ya ce zai gwada damana 3, sannan mu sake lissafi. Yanzu ya bar kututture 18 a gonarsa, ya rubuta su a littafinsa.

Ga tambayoyi 3 da za ku tattauna a ajinku, tare da tsofaffin gari. Wace shekara aka sari dajin ƙarshe a garinku? Mata da samari na da gamana har yanzu? Gona nawa ke da takardar Kofo? Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.